Kafin Ka Sayi Littafin Yaƙin Basasa

Ran nan bayan sallar isha'i wani ɗan yayata, ɗalibi a jami'a, ya same ni a ƙofar gida ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na minti uku, wani mutum yana ta zuba a kan yaƙin Biyafara, yana kiran sunaye yana yanke hukunci kamar da shi aka yi. Da bidiyon ya ƙare sai yaron ya ce, "Kawu, wai haka aka yi?" Na ce masa wani abin haka ne, wani an yi masa ƙari, wani kuma rabinsa aka faɗa aka ɓoye rabi. Ya yi shiru, can ya ce, "To wane littafi zan karanta? Guda ɗaya, marar wahala, wanda zai ba ni labarin daga farko har ƙarshe." Na daɗe ban ji tambayar da ta faranta mini rai kamar wannan ba. Amsar da na ba shi a daren ita nake so in faɗaɗa muku, ƙannena da 'ya'yana, domin na san ba shi kaɗai ne ke da wannan ƙishirwar ba.

Da yawanku kun gama sakandare ba a taɓa koya muku labarin yaƙin nan a aji ba, saboda an yi shekaru da cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu kafin a maido da shi. Abin da kuka sani tsintuwa ce: kaɗan daga bakin kaka, kaɗan daga waƙa, mafi yawa daga Facebook da TikTok, inda mai ƙarfin murya ke cin kasuwa. Ga shi kuwa yaƙin ba ƙaramin abu ba ne. An fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967, aka ajiye makamai ranar 15 ga Janairu 1970, wata talatin ke nan. Sojan Najeriya da bai wuce dubu goma ba kafin yaƙin ya kai kusan dubu 250 a ƙarshensa, kuma babu wata unguwa a Arewa da ba ta ba da ɗa ba. Jihohin da muke ciki, da aikin yi wa ƙasa hidima da aka kafa a 1973, da rabon kuɗin mai da ake ta jayayya a kansa, duk daga wannan tukunya suka fito. Wanda bai san yaƙin ba zai yi ta kallon siyasar ƙasar nan kamar mai shiga majigi bayan an yi nisa.

Abin da ya sa nake matsa muku a kan littafin farko shi ne, shi ke zama ma'auni. Duk abin da ka karanta daga baya da shi za ka gwada, ko ka sani ko ba ka sani ba. Idan ma'aunin ya karkace tun farko, kowane awo zai karkace. Ni kaina abin ya faru da ni. Littafin da na fara karantawa a kan yaƙin nan na wani soja ne da ya yi yaƙin, na same shi a wurin mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin tasha. Na haddace shi kamar karatun allo, na yi shekaru ina musu da mutane da abin da ke cikinsa. Sai da na girma na gane cewa labarin mutum ɗaya na sani, a fage ɗaya, kuma mutumin yana da mutuncin da yake karewa. Ban yi asarar karanta shi ba, amma na yi asarar farawa da shi.

Ku fara da sanin cewa littattafan yaƙin nan ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake a kanta ɗaya ake jera su. Akwai waɗanda aka rubuta ana cikin yaƙi domin a jawo wa wani ɓangare goyon baya. Mafi shahara a cikinsu shi ne The Biafra Story na Frederick Forsyth, Baturen Ingila da ya je Biyafara a matsayin wakilin BBC, ya bar aikin, ya koma da ƙashin kansa, ya zama aminin Ojukwu, jagoran Biyafara. Littafin ya fito a 1969, yaƙi bai ƙare ba, kuma marubucin bai ɓoye ɓangaren da yake ba. Yana da daɗin karatu ƙwarai, domin mutumin ya iya ba da labari, kuma nan ne haɗarinsa yake ga sabon shiga. Daɗin alƙalami yakan sa mutum ya manta cewa lauya yake saurare, alƙali bai riga ya zauna ba.

Akwai kuma littattafan waɗanda aka dama da su. Olusegun Obasanjo ya fitar da My Command a 1980, a kan yadda ya karɓi runduna ta uku daga hannun Benjamin Adekunle a Mayun 1969 har zuwa miƙa wuyan Biyafara. A shekarar ne kuma Alexander Madiebo, wanda ya shugabanci sojan ƙasa na Biyafara, ya fitar da nasa, The Nigerian Revolution and the Biafran War. Adewale Ademoyega, ɗaya daga cikin manjojin da suka yi juyin mulkin farko na 1966, ya rubuta Why We Struck a 1981, yana kafa hujjar cewa ba ƙabilanci ya kai su ba. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin Hudahuda na Zariya ya buga Let Truth Be Told na D.J.M. Muffett, tsohon jami'in mulki a Arewa, wanda ya dubi juyin mulkin da idon da akasarin 'yan Arewa suka dube shi. Waɗannan duka shaidu ne, kuma shaida tana da daraja. Amma kowane mai shaida a nan yana da abin da yake so a yarda da shi game da kansa ko mutanensa. Ku dubi abin da ya faru da littafin Obasanjo: a 2013 Godwin Alabi-Isama, wanda ya yi aiki a wannan runduna ta uku ɗin, ya fitar da ƙaton littafi mai suna The Tragedy of Victory, yana ƙaryata abubuwa da yawa da Obasanjo ya faɗa. Mutum biyu, ɓangare ɗaya, runduna ɗaya, labari biyu. Idan na gida ɗaya sun saɓa haka, ina ga waɗanda suka harbi juna?

Sai littattafan malaman jami'a, masu zurfi da nauyi. A.H.M. Kirk-Greene ya tara jawabai da sanarwoyi da takardun hukuma na lokacin cikin mujalladi biyu a 1971, ya kira su Crisis and Conflict in Nigeria. John Stremlau ya rubuta a 1977 a kan siyasar ƙasashen waje game da yaƙin. Taska ce ga mai bincike, amma wanda ya fara da su zai gaji tun bai kai ko'ina ba, ya ajiye, ya ce tarihi ba shi da daɗi. Ba a fara koya wa yaro iyo a tsakiyar kogi.

Abin da kuke nema jinsi na huɗu ne: littafi guda, na mai ba da labari wanda ba shi da laifin da yake wankewa, wanda aka rubuta bayan an daina harbi, da harshen da mai takardar sakandare zai iya bi. Yanzu yaya za ka gane shi idan ka riƙe shi a hannu a kantin littattafai ko a laburare?

Fara da bayan bango da shafin farko. Wane ne marubucin, ina yake tsakanin 1966 da 1970, me ya ci ko me ya rasa a yaƙin? Wace shekara aka fara buga littafin? Ka lura, shekarar bugun farko nake nufi, domin akan sake wa tsohon littafi bango a sa masa sabuwar shekara. Daga nan ka duba jerin babobi. Littafin da ya buɗe da harbin farko a Yulin 1967 ya tsallake rabin labari, domin ruwa ba ya tsami banza. Dole ya koma baya ya nuna maka jihohi uku na lokacin samun 'yancin kai, da jam'iyyun NPC da NCNC da AG, da rigimar ƙidayar 1962 da 1963, da zaɓen 1964, da wutar da ta tashi a Jihar Yamma a 1965. Littafin da kuma ya tsaya a ranar miƙa wuya bai gaya maka abin da ya biyo baya ba, kamar fam ashirin da aka ba masu ajiyar kuɗin Biyafara a banki komai yawan ajiyarsu, da gidajen Ibo da aka riƙe a Fatakwal, shi ma ya bar ka a hanya. Sannan ka duba ko akwai taswira. Labarin yaƙi ba taswira tafiyar dare ce ba fitila. Idan ba ka ga inda Inugu take ba, da Anacha a bakin kogin Kwara, da Fatakwal a bakin teku, ba za ka fahimci dalilin da ya sa faɗuwar Fatakwal a Mayun 1968 ta rufe wa Biyafara ƙofa har yunwa ta shiga ba, ko yadda wani yankin titin mota a Uli ya zama filin jirgin da ake saukar da abinci da makamai cikin dare.

Bayan wannan sai babban gwaji. Akwai wurare biyar a labarin nan inda marubuci mai son rai yake tona wa kansa asiri. Ka nemi fihirisar da ke ƙarshen littafin, ka buɗe wuraren ɗaya bayan ɗaya, ka karanta shafi ɗaya ko biyu a kowanne. Minti ashirin sun isa.

Na farko, juyin mulkin daren 15 ga Janairu 1966. Littafin kirki zai kawo sunayen waɗanda aka kashe bai rage ba: Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da matarsa Hafsatu, Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firimiyan Yamma Samuel Akintola, Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Abogo Largema, da James Pam, da Birgediya Ademulegun. Zai faɗi cewa akasarin manjojin da suka shirya abin Ibo ne, kuma ba a taɓa manyan 'yan siyasar Gabas ba. Zai kuma faɗi cewa akwai Bayarabe a cikin jagororin, akwai hafsa Ibo, Arthur Unegbe, a cikin waɗanda aka kashe, kuma hafsoshin Ibo na daga cikin waɗanda suka daƙile juyin mulkin. Marubucin da ya kawo rabin farko ya bar na biyu, ko ya kawo na biyu ya bar na farko, ya nuna maka rigarsa.

Na biyu ya fi mana ɗaci mu 'yan Arewa, kuma saboda haka ne ya fi kamata mu tsaya a kansa. Bayan dokar shugaban mulkin soja Ironsi mai lamba 34 ta 24 ga Mayu 1966, wadda ta rushe tsarin tarayya, an yi tarzoma a garuruwan Arewa aka kashe Ibo. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, aka kashe Janar Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Badun, da hafsoshin Gabas masu yawa a barikoki. Sannan a Satumba da Oktoba aka yi kisa mafi muni, aka kashe dubban fararen hula 'yan Gabas a garuruwan Arewa, 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da mata da yara waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, har sama da mutum miliyan ɗaya suka tsere zuwa Gabas. An kashe wasu 'yan Arewa a Gabas su ma, kuma akwai Hausawan da suka ɓoye maƙwabtansu Ibo a cikin ɗakunansu suka tsirar da su. Littafin da ya wuce wannan babi da jimla ɗaya, ko ya mai da shi ramuwar gayya da ta dace, ka mayar da shi kanta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba za ka gane dalilin da ya sa talakan Ibo ya yarda ya yi wata talatin yana yaƙi cikin yunwa ba sai ka san abin da ya gani a 1966.

Na uku, taron Aburi a ƙasar Gana, ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, inda shugaban ƙasa Gowon da Ojukwu suka zauna a teburi ɗaya. Har yau ana musu a kan abin da aka amince da shi a can. Ojukwu ya koma gida da fahimtar cewa an yarda kowace jiha ta riƙe kusan dukkan ikonta. Manyan ma'aikatan gwamnati a Ikko suka nuna wa Gowon cewa hakan wargaza ƙasa ne. Aka fitar da doka mai lamba 8 a watan Maris, wadda ta ba jihohi iko mai yawa, Ojukwu ya ce ba ta cika alkawari ba. Marubuci adali zai shimfiɗa maka fahimtar kowanne ya bar ka ka auna. Mai son rai zai ce kawai wane ya ci amana.

Na huɗu, fararen hula a cikin yaƙin kansa. Ka nemi sunan Asaba a fihirisa. A farkon Oktoban 1967 sojojin tarayya na runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammad ke jagoranta, sun kashe ɗaruruwan maza da samari a garin, kuma a 2017 wasu malamai biyu, Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, sun fitar da littafi sukutum a kan haka bayan sun tattara shaidar waɗanda suka tsira. Ka kuma nemi abin da sojojin Biyafara suka yi wa waɗanda ba Ibo ba lokacin da suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma a Agustan 1967 har suka kai Ore. Ka duba yadda littafin ya yi maganar yunwa: killacewar da gwamnatin tarayya ta yi, da jiragen da suka jefa bama-bamai a kasuwanni, da kuma jayayyar da shugabannin ɓangarorin biyu suka yi ta yi a kan hanyar shigar da abinci, ta ƙasa ko ta sama, da rana ko da dare, yara suna ta mutuwa da ciwon kwashoko.

Na biyar, ƙananan ƙabilun Gabas. Da yawan masu ba da labari suna magana kamar Hausa da Ibo ne kaɗai a fagen. Alhali Gowon kansa Angas ne, Kirista, daga Filato, kuma ɗimbin sojojin tarayya Tibi ne da sauran mutanen tsakiyar ƙasa da Yarabawa. A cikin Jihar Gabas kuma akwai Ibibiyo da Efik da Ijo da Ogoni, kuma akasarin man fetur a ƙasarsu yake. Da Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu 1967, kwana uku kafin Ojukwu ya ayyana Biyafara, ya ba su jihohi biyu nasu, abin da suka daɗe suna nema. Wasunsu sun bi Biyafara har ƙarshe, kamar Philip Effiong wanda ya miƙa wuya a madadinta, wasu kuma sun yaƙe ta, kamar Isaac Boro da ya mutu a fagen daga a 1968 yana ɓangaren tarayya. Littafin da bai san da waɗannan mutane ba bai san yaƙin ba.

Idan littafi ya tsallake waɗannan biyar, saura ka gwada harshensa. Buɗe tsakiya ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi. In ka tsaya neman ma'anar kalma fiye da sau huɗu ko biyar, ba naka ba ne tukuna, kuma babu abin kunya a ciki. Ka kuma lura da yadda yake kiran mutane. Wanda ke kiran ɓangare ɗaya 'yan ta'adda ko dabbobi, ko yake yi wa ƙabila guda kuɗin goro, zagi yake sayarwa.

Na san za ku ce, duk wannan bayani, Kawu, faɗi sunan littafin mana. To, abin da na ce wa ɗan yayata shi ne ya nemi na John de St. Jorre. An buga shi a 1972 a Ingila da sunan The Nigerian Civil War, a Amurka kuma da sunan The Brothers' War. Ɗan jarida ne da ya shiga ɓangarorin biyu lokacin yaƙin, ya gana da manya da ƙanana, sannan ya jira ƙura ta lafa kafin ya rubuta. Ya fara daga juyin mulkin Janairu ya bi labarin har ƙarshe, da Turancin jarida mai sauƙin bi, kuma duk wanda ya karanta shi, ɗan Arewa ko ɗan Gabas, zai ci karo da shafin da zai sosa masa rai. Wannan ita ce alamar da na fi yarda da ita. Yana da nasa rauni: baƙo ne, kuma ya rubuta kafin manyan 'yan wasan su fitar da nasu littattafan, kafin kuma a buɗe takardun sirrin gwamnatin Birtaniya. Saboda haka nakan haɗa shi da na Max Siollun, Oil, Politics and Violence, na 2009, wanda ya bi abin da ya faru a cikin soja daga 1966 zuwa 1976 dalla-dalla, ya fi ƙarfi a kan juyin mulkin biyu na 1966, kuma gajerun babobinsa ba sa gajiyar da mai karatu. Wanda kuma tarihin Najeriya gaba ɗaya bai zauna masa ba, ya fara da babobin da suka shafi 1960 zuwa 1970 a cikin A History of Nigeria na Toyin Falola da Matthew Heaton, na 2008, kafin ya shiga wancan.

Bayan ka gama littafin farko, ka sami ma'auni, sai ka koma wa shaidun nan da na ce a jinkirta. Amma ka riƙa karanta su biyu-biyu, kamar yadda alƙali ke sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara. In ka karanta Obasanjo ka bi shi da Madiebo. In ka karanta Ademoyega ka bi shi da Muffett. In ka karanta There Was a Country na Chinua Achebe, wanda ya fito a 2012 ya ta da ƙura saboda zargin da ya yi wa jigon gwamnatin tarayya Awolowo a kan yunwar Biyafara, ka bi shi da Sunset in Biafra na Elechi Amadi ko On a Darkling Plain na Ken Saro-Wiwa, waɗanda suka ga yaƙin daga ɓangaren ƙananan ƙabilu. A inda biyu suka haɗu, ka riƙe. A inda suka saɓa, ka rubuta tambaya ka ci gaba da nema.

Ƙagaggun labarai kuma suna da nasu gurbin. Da yawanku ta hanyar Half of a Yellow Sun na Chimamanda Adichie, na 2006, kuka fara jin labarin. Littafi ne mai taɓa zuciya, zai sa ka ji yadda yunwa da gudun hijira suke a jikin mutum, abin da jerin ranaku ba zai ba ka ba. Amma marubuciyar an haife ta bayan yaƙin, kuma aikinta shi ne ta sa ka shiga ran mutanen da ta ƙirƙira. Kada ka kafa hujja da shi a muhawara. Haka waƙoƙin da mawaƙanmu na Hausa suka yi a lokacin suna zuga soja: shaida ne na yadda mutanenmu suka ji, an yi su ne don ƙarfafa gwiwa, ba a yi su don auna gaskiya ba.

Ku yi hattara da alƙaluma. Za ka ji wani ya ce mutum miliyan uku suka mutu, wani ya ce miliyan ɗaya, wani ya ce dubu ɗari biyar. Ba wanda ya ƙirga gawa a lokacin, kuma kowane ɓangare yana da amfanin ƙarawa ko ragewa. Marubucin kirki zai ce maka ga ƙiyasin wane, ga na wane, ga dalilin saɓaninsu. Wanda ya ba ka adadi guda cif ba tare da ya ce daga ina ya samo shi ba, ka sa masa alamar tambaya a sauran maganganunsa ma. Abin da ba a musu a kansa shi ne yawancin mamatan fararen hula ne, kuma yunwa da cuta sun kashe fiye da harsashi.

'Yan'uwanmu na Nijar, kada ku ce wannan labarin maƙwabta ne. A Yamai aka yi ɗaya daga cikin zaman sulhun yaƙin a Yulin 1968, Shugaba Diori Hamani yana mai masauki, kuma Nijar tana cikin ƙasashe shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ɗora wa neman maslaha. Littafin da ya cika zai nuna maka wannan, ya nuna maka yadda Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka ba gwamnatin tarayya makamai, Faransa ta taimaki Biyafara ta bayan gida, ƙasashe biyar kuma suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti.

Sa'ad da za ka zauna karatun, ka ajiye takarda da biro kusa da kai. Rubuta ranaku goma ko sha biyu da suka fi muhimmanci a jere, ka zana taswirar Gabas da hannunka ko da ba ta yi kyau ba. Babi ɗaya a rana ya isa. In ka sami aboki ku karanta tare, musamman wanda ba ƙabilarku ɗaya ba, ya fi. Kuɗin littafi kuma kada ya zama hujja: akwai laburaren jami'o'i, akwai Gidan Arewa a Kaduna, kuma mutum huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi kwafi ɗaya ya zagaya.

Akwai abu ɗaya da za ku gani a kowane littafi kuka ɗauka, ina so ku tsaya a kansa. Nzeogwu, ɗaya daga cikin manjojin juyin mulkin farko, yana da shekara 28 a daren da ya shiga gidan Sardauna, kuma a Kaduna aka haife shi, yana jin Hausa kamar ku. Gowon yana da 31 da ya zama shugaban ƙasa. Ojukwu, haifaffen Zungeru wanda ya riƙe bataliya ta biyar a Kano, yana da 33 da ya ayyana Biyafara. Murtala bai cika talatin ba da aka ba shi runduna. Sa'o'inku ne ko yayyenku, wasunsu sun yi makaranta tare, sun ci abinci a kwano ɗaya, kowannensu kuma ya tabbata shi ke da gaskiya. Samarin da suka mutu a ramukan daga ma ba su kai su shekaru ba.

Waɗanda suka dawo da rai suna nan a unguwanninku, mazan jiya, sun doshi tamanin ko sun haura, kullum ana rage su. Akasarin littattafan nan da Turanci aka rubuta su, kuma muryar ƙaramin soja ɗan Arewa da ya bar gona ya tafi Anacha ba ta da yawa a cikinsu. Idan ka gama littafinka na farko, ka sayi goro ka je ka gaida tsohon sojan unguwarku, ka zauna ka tambaye shi abin da idonsa ya gani, ka rubuta da Hausa yadda ya faɗa, har da abin da ba ka so ji ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyashe mu da sake ganin irinsa.